Darasi na Tara: Idan Kifi Ya Yi Yawa a Akwatin Gilashi

A gidajen Hausawa da dama a Makka da Jidda ana ajiye kifin ado a cikin akwatin gilashi, wanda masu shago ke kira haudus samak, domin yara su riƙa kallo. Abin da aka fi kawo ƙorafi a kai shi ne kifin yana mutuwa ɗaya bayan ɗaya alhali ruwan garau yake. Wannan darasi zai nuna cewa hasken ruwa ba ya tabbatar da lafiyarsa, kuma yawanci tushen matsalar shi ne an zuba kifi fiye da abin da ruwan zai iya ɗauka.

Wani maƙwabcina a Jidda ya sayo wa 'ya'yansa akwati a lokacin ƙaramar Sallah, ya zuba jajayen kifayen nan masu ruwan zinariya har goma sha huɗu a rana guda. Bayan mako ɗaya ya kira ni da asuba, na tarar kifayen sun taru a saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa, biyu kuma sun kwanta a kan tsakuwa. Uwargidansa, saboda tsabta, ta kwashe ruwan duka, ta wanke tsakuwar da kuma soson da ke cikin matata, wato na'urar tace ruwan akwatin, da sabulu, ta cika akwatin da ruwan famfo. Niyyarta alheri ce, amma wankin nan shi ya ƙarasa su.

Yadda guba ke taruwa

Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta kunnuwan da yake numfashi da su, haka kuma kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe suna ƙara ta. Amoniya ba ta da launi, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya ƙona wurin numfashin kifi. A cikin soson matata da kan tsakuwa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, wato bakteriya masu amfani, waɗanda ke mayar da amoniya ta zama naitirait, sannan wasu su mayar da naitirait ta zama naitiret. A lura da sunayen nan biyu, domin sun yi kama amma halinsu ya bambanta: naitirait tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iska, ita kuwa naitiret ba ta cutarwa sai ta taru da yawa.

Waɗannan bakteriya ba sa yawaita dare ɗaya. Sabon akwati yana bukatar kimanin mako 4 zuwa 6 kafin su kai yawan da za su iya aikin, shi ya sa zuba kifi da yawa a makon farko yake jawo asara. Sabulu da kulorin ɗin da ke cikin ruwan famfo suna kashe su, don haka duk wanda ya wanke soso a bakin famfo ya mayar da hannun agogo baya.

Gane matsalar

Idan kifi yana haki a sama, ko ya naɗe fukafukansa, ko ya ƙi abinci, a fara da gwajin ruwa kafin a sayi kowane magani. Shagunan kifi suna sayar da kayan gwaji na ɗigo da na 'yar takarda, kuma na ɗigo ya fi faɗin gaskiya. Amoniya da naitirait dole su nuna 0. Naitiret kuwa ana so kada ta wuce miligiram 40 a kowace lita. Ruwan da ya yi fari kamar an ɗiga masa madara alama ce ta ƙazanta ta yi yawa, wanda ya yi kore kuma gansakuka ce da hasken rana ko fitila ya ciyar.

Zafi yana da nasa kaso, kuma a ƙasar nan ba ƙaramin kaso ba ne. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar oksijin kusan miligiram 9 a lita, amma idan ya kai digiri 30 sai ya koma wajen 7.5, ga shi kuma dafin amoniya yana ƙaruwa da zafi. Akwatin da ya lallaɓa ya wuce lokacin sanyi yana iya rikicewa a watan Yuli, musamman idan an kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, an fita.

Abin da za a yi

A ranar farko a cire rabin ruwan da tiyo, ana zuƙo dattin da ya maƙale a ƙarƙashin tsakuwa, a bar kifin a ciki. Ruwan da za a mayar yana bukatar kula, domin yawancin ruwan Makka da Jidda na teku ne da aka tace a tashar Shu'aiba da ke bakin teku kudu da Jidda, ana sa masa kulorin, sannan ya zauna a tankin saman gida inda rana ke dafa shi. A tara shi a bokitin da sabulu bai taɓa ba, a bari ya huce har zafinsa ya yi daidai da na akwatin, a ɗiga masa maganin kashe kulorin gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Kada a dogara da tataccen ruwan sha shi kaɗai, domin an cire masa yawancin ma'adinan da ke hana ruwa yin tsami farat ɗaya.

A dakatar da abinci na kwana biyu. Lafiyayyen kifi ba zai mutu da wannan ba, ko da yara za su yi ta roƙo. Bayan haka a riƙa ba su abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya a rana. A ci gaba da canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum har gwaji ya nuna 0, daga nan a koma sau ɗaya a mako. Soso idan ya toshe, a matse shi a cikin tsohon ruwan da aka cire. A bar matata da famfon iska suna aiki dare da rana, kuma a rufe akwatin duk lokacin da za a fesa maganin sauro.

Duk wannan sauƙi ne kawai yake kawowa, maganin gaskiya shi ne rage kifi. Jan kifin da ake sayarwa kamar ɗan yatsa yana kaiwa santimita 15 zuwa 20, kuma guda ɗaya yana son wajen lita 75. Baƙin kifin nan mai manne wa gilashi, wanda ake cewa yana share datti, yana iya wuce santimita 30, kuma kashin da yake yi ya fi abin da yake sharewa. A mayar wa mai shago rarar, ko a ba wanda yake da babban akwati.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya auna tsawo da faɗi da zurfin akwatinsa da santimita, ya ninka su, ya raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yawan lita. Na maƙwabcina 60 ne sau 30 sau 30, wato lita 54, kafin a cire wurin da tsakuwa ta cinye. A rubuta adadin litar da adadin kifin da ke ciki a littafi, a zo da su aji mai zuwa.