Darasi na Tara: Eka Hamsin Kan Kowane Mutum

A shekarar 1606 Sarkin Ingila, James na Ɗaya, ya ba wani kamfanin 'yan kasuwar Landan takardar izinin kafa mazauni a gaɓar tekun Amurka. Ƙasar da ya yi kyauta da ita bai taɓa taka ta ba, kuma tana da masu ita, wato mutanen Powhatan, da garuruwansu da gonakinsu na masara. A 1607 baƙin suka sauka, suka kafa garin Jamestown a yankin Bajiniya.

Zinariya suka je nema, ba su samu ba. Yunwa da cuta suka kashe mafi yawansu. Taba ce ta fisshe su: ɗaya daga cikinsu, John Rolfe, ya fara noma ta a 1612, ta yi kasuwa a Ingila. Sai dai taba akwai cin hannu. A yi renon iri, a dasa, a bi ganye ɗaya bayan ɗaya ana tsince tsutsa, a yanka, a rataye ta bushe. Tana kuma cinye ƙarfin ƙasa, bayan 'yan shekaru sai an sari sabon daji. Fili ga shi birjik, ma'aikata ne babu, kamfanin kuwa aljihunsa ya yi fayau.

Saboda haka a 1618 kamfanin ya mai da ƙasa ta zama kuɗinsa. Duk wanda ya biya wa mutum ɗaya kuɗin jirgin ruwa zuwa Bajiniya, za a yanka masa eka 50, kimanin hekta 20. Ku lura da kyau: filin na wanda ya biya ne. Wanda aka ɗauko, galibi talaka, shi zai yi wa mai kuɗin aikin shekara huɗu zuwa bakwai. Attajiri ya sami gona, ya sami mai noma masa ita, duka da kuɗin jirgi ɗaya. Daga baya har bayin da aka kwaso daga Afirka an riƙa ƙirga su, ana karɓar eka 50 kan kowane.

Kyautar tana da sharaɗi. Sai ka zaunar da mutum a filin, ka noma shi, kana biyan sule ɗaya duk shekara kan eka 50. Ta haka aka cika ƙasar da 'yan Ingila.

Gonakin taba suka yi ta cin ƙasar Powhatan a bakin kogin James. A 1622 mutanen Powhatan suka kai hari, suka kashe baƙi fiye da 300. A 1624 sarki ya soke izinin kamfanin, amma rabon fili bai tsaya ba.

Aiki

1. Wani attajiri ya biya wa mutum 12 kuɗin jirgi. Eka nawa zai samu?
2. Rubuta jimla uku kan yadda ake samun gona a garinku: gado, aro, jingina ko saye. Wa ke zama shaida?