Yadda ake kamun salmon na tafki bayan narkewar ƙanƙara, da abin yi idan an ga tsutsa a cikinsa

Kifin salmon na tafki jinsinsa ɗaya da salmon na tekun Atlantika, sai dai shi ba ya sauka teku, a ruwan daɗi yake rayuwarsa daga ƙwai har girma. A jihar Maine ta Amurka asalinsa tafkuna huɗu ne: Sebago, West Grand, Green da Sebec. Daga nan aka yi ta kai irinsa wasu tafkuna kamar Moosehead da Rangeley. Wanda ya fi girma da aka taɓa kamawa a jihar ya fito ne daga Sebago a 1907, nauyinsa ya ɗan haura kilo 10, amma yawancin abin da masunci zai samu yau bai wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya da rabi ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne makonni uku zuwa huɗu bayan ƙanƙara ta bar saman tafki, wato daga Afrilu a kudancin jihar zuwa Mayu a arewa. Dalili biyu ne. Kifin nan ruwan sanyi yake so, idan ɗumi ya kusa digiri 18 na Salshiyas sai ya nutsa can ƙasa. A wannan lokaci kuwa ruwan saman tafki da na ƙasansa duk sanyinsu ɗaya, don haka yana yawo a mita biyu ko uku na sama. Na biyu kuma abincinsa ne: wani siririn kifi mai sheƙi da ake kira smelt, wanda ke taruwa a bakin rafuka masu shiga tafki don zuba ƙwai. Inda smelt ya taru, nan salmon yake. Saboda haka kada ka ɓata mai a tsakiyar tafki. Bi bakin rafuka, da tsinin ƙasa mai duwatsu, da gaɓar da iska ke kaɗo ruwa gare ta.

Hanyar da ta fi ci ita ce jan ƙugiya a bayan kwale-kwale yana tafiya. Ana amfani da ƙugiyar gashin tsuntsu mai kamar smelt, irin su Gray Ghost, ko siririn cokalin ƙarfe kamar Mooselook Wobbler, ko kuma smelt ɗin kansa a inda doka ta yarda. A zaɓi mai ƙugiya biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, domin salmon yakan cafki wutsiya ne, mai ƙugiya ɗaya sai dai ka ji fizga kawai. A ƙarshen zaren a ɗaura siririn zare marar launi mai ɗaukar nauyin kilo uku zuwa huɗu, tsawonsa mita shida zuwa tara, saboda ruwan garau yake kuma kifin yana da ido. Saki zare mita 25 zuwa 45 a baya.

Gudu shi ne inda aka fi yin kuskure. Sababbin hannu sukan tafi a hankali ƙwarai. Salmon mafarauci ne, yana son abin da ke gudu, don haka kilomita uku zuwa biyar a awa ya fi, musamman da ƙugiyar gashi. Kada a tafi a miƙe sambal. A riƙa karkata jirgi hagu da dama: ƙugiyar da ke cikin kwana tana rage gudu ta ɗan nutse, ta waje kuma ta ƙara gudu ta taso, kuma sau da yawa a daidai wannan sauyin yake kai hari. Asuba da ranar hadari mai 'yar iska sun fi ranar da ruwa ya kwanta lumui. Idan ya kama zai yi ta tsalle yana girgiza kai. Kada ka bari zare ya saki, kada kuma ka ɗaure birkin na'urar naɗin zare tamau, ko ƙugiya ta yage masa baki.

Ruwan nan bai wuce digiri huɗu zuwa bakwai ba a makonnin farko, wanda ya faɗa cikinsa hannuwansa kan sandare cikin 'yan mintuna. Rigar hana nutsewa a jiki take zama, ba a ƙarƙashin kujera ba. A yanki lasisi, a kuma duba littafin dokar shekarar, domin ƙa'idar gama-gari ita ce kifin ya kai inci 14, amma tafkuna da dama suna da tasu.

To, an kama, an farke ciki, sai ga tsutsa. Wannan ba baƙon abu ba ne, kuma ba alamar ruwan ya gurɓace ba ce. Wasu farare ne masu faɗi, ko ƙananan ƙuraje farare a jikin tumbi da hanji: 'ya'yan tsila ne na dangin Diphyllobothrium. Ƙwansu yana shiga ruwa ta kashin tsuntsaye, ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye, smelt ya ci ƙwarin, salmon ya ci smelt. Shi ya sa babban kifi da ya daɗe yana ci ya fi ɗauke da su. Wasu kuma dogaye ne sirara kamar zare a cikin kogon ciki, su ne Philonema, sukan sa kayan ciki su manne da juna har da bangon ciki. Ganinsu ba daɗi, amma ba sa kama mutum. Akwai kuma ƙananan ƙwari farare masu maƙalewa a jan naman numfashi da ke ƙarƙashin kumatu, su tare da kan kifin ake yar da su.

Abin kiyayewa shi ne tsila, domin wasu irinta suna girma a hanjin mutum idan ya ci kifi ɗanye ko wanda bai dahu ba, har takan jawo ƙarancin bitamin B12. A cire kayan ciki da zarar an kashe kifi, a wanke, a sa a ƙanƙara. Kada a jefa hanjin cikin tafki, tsuntsaye za su ci su sake yaɗa ƙwan, a zuba a leda a kai bola. A dafa har zafin tsakiyar tsoka ya kai digiri 63, naman ya daina sheƙi ya riƙa rabuwa da kansa. Gishiri da lemon tsami da hayaƙi mai sanyi ba sa kashe su yadda za a dogara. Mai son banda irin ta gida sai ya tabbatar wuta ta ratsa har ƙashin baya. Daskarewa tana kashe su idan sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili na kwana bakwai, amma ba kowace firizar gida ke riƙe wannan sanyi ba, sai an auna.

Sinadarin makuri kuwa, wato wani ƙarfe mai guba da ke taruwa a naman kifi, dafuwa ba ta fitar da shi. Shawarar hukumar lafiya ta Maine ita ce mai juna biyu da mai shayarwa da yaran da ba su kai shekara takwas ba kada su wuce cin salmon na tafki sau ɗaya a wata, sauran mutane kuma sau ɗaya a mako.