Yadda Lambar Kunna Wasan Kwamfuta na Kwali Take Aiki, da Yadda Ake Sake Sayar da Shi

Wanda ya saba da PlayStation ya san faifan wasa kaya ne kamar kowane kaya. Ka gama bugawa, ka sayar wa wani, ya saka a tasa na'urar ya ci gaba. A kwamfuta ba haka abin yake ba, kuma a nan mutane da yawa suke tafka asara. Mafi yawan wasannin kwamfuta da aka sayar cikin kwali daga wajajen 2010 zuwa yau, ba faifan ne ya ci kuɗinka ba. 'Yar lambar da ke cikin kwalin ka saya, kuma sau ɗaya tak take aiki. Tamkar katin waya ce: da zarar an kankare an loda, takarda kawai ta rage.

Kamfanin Valve na Amurka ne ya buɗe wannan hanya. Ya fito da manhajar Steam, wadda ake saye da buga wasanni ta cikinta, a 2003, sannan a watan Nuwamba na 2004 ya saki Half-Life 2 da sharaɗin cewa ko a kanti ka sayi kwalin, sai ka shiga intanet ka yi rajistar lambar a Steam kafin wasan ya tashi. An yi ta ƙorafi a lokacin, amma sauran kamfanoni sun bi sahu. EA ta kawo Origin a 2011, wanda yanzu EA app ya maye gurbinsa. Ubisoft ta yi Uplay, ta sauya masa suna zuwa Ubisoft Connect a 2020. Blizzard na da Battle.net, Rockstar ma na da tata manhajar.

Abin da ke faruwa a bayan fage ba shi da wuyar fahimta. Kamfanin da ya yi wasan yana samar da jerin lambobi, a buga kowace a takarda a saka a kwali ɗaya, sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa da ke kan intanet, kuma tana riƙe da jerin gaba ɗaya. Ranar da ka shigar da taka, sabar za ta duba ko lambar tana cikin jeri, ko an taɓa amfani da ita, da kuma ko an yarda ta yi aiki a ƙasar da kake. In komai ya yi daidai, sai ta rubuta lasisin wasan a kan asusunka, ta kashe lambar. Daga nan wasan ya zama na asusun, ba na faifan ba, ba na kwamfutar ba. Faifan amfaninsa ɗaya: rage maka data. GTA V na kwamfuta ya zo a 2015 da faifan DVD har 7, waɗanda suka ɗauke wa mai saye nauyin sauke sama da gigabait 60. A shekarar kuma Metal Gear Solid V ya fito da faifan da babu komai a cikinsa sai 'yar manhajar girka Steam da ba ta kai megabait 10 ba.

Fara da gane irin wasan da ke hannunka

Kafin ka yi ciniki, juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun da ke baya, wajen da aka jera ƙarfin kwamfutar da wasan ke buƙata. Iri uku za ka tarar.

Na farko su ne tsofaffin wasanni na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, irin StarCraft na 1998 da Diablo II na 2000. Lambarsu manhajar girkawa ce take tantance ta da lissafi a cikin kwamfutar, ba ta tambayar kowace saba. Za ka iya girka wasan sau goma da lamba guda, kuma za ka iya sayar da shi hankali kwance muddin faifan bai karce ba. Sai dai wajen buga wasa da mutane ta intanet, mutum biyu ba sa shiga da lamba ɗaya a lokaci guda. Kuma wasu daga cikin waɗannan lambobin an ba da damar a ɗaure su a asusu daga baya, kamar na Half-Life na farko a Steam, don haka tambayi mai sayarwa ko ya yi hakan.

Na biyu su ne masu ƙidayar girkawa, waɗanda suka yi yayi tsakanin 2007 da 2010 da tsarin kariya mai suna SecuROM. BioShock ya fito da damar girkawa sau 2, Spore na 2008 sau 3, daga baya aka ƙara su zuwa 5 saboda hayaniyar masu saye. Irin waɗannan ba a ɗaure suke da asusu ba, amma kowace girkawa tana cin gurbi ɗaya, kuma sauya manyan kayan cikin kwamfuta na iya sa a ƙirga ta a matsayin sabuwa. Wasu kamfanonin sun fitar da 'yar manhajar da ke mayar da gurbin idan za ka cire wasan. Mai sayarwa na gari sai ya yi wannan kafin ya miƙa kwalin.

Na uku su ne masu ɗaurin asusu, kuma su suka fi yawa. In ka ga tambarin Steam, ko an rubuta ana buƙatar intanet da asusun Steam, EA, Ubisoft ko Rockstar, to ka san inda aka dosa. Skyrim na 2011, Civilization V, Football Manager tun daga na 2012, duk Steam ne. FIFA na kwamfuta kuwa hanyar EA yake bi. Irin wannan in an riga an kunna shi, kwalin bai fi kayan ado ba.

Akwai wata matsala ta daban da ke damun iri na farko da na biyu. Windows 10 da Windows 11 ba sa yarda da tsarin kariyar SafeDisc da wasu tsofaffin nau'o'in SecuROM, don haka wasan yana iya girkuwa lafiya ya ƙi tashi. Ga shi kuma yawancin laftof na yanzu ba su da wajen saka faifai, sai ka nemi na'urar DVD ta waje mai shiga ta USB.

Duba kwalin kafin ka biya

Kwalayen da suke shigowa cikin kayan gwanjo daga Turai, kusan duk an yi amfani da lambobinsu. Ka ɗauka haka ne har sai an nuna maka akasinsa. Ledar masana'anta tana da naɗi mai tsafta a sama da ƙasa, ledar da aka sake naɗawa da zafi kuwa takan yi kauri a gefe ɗaya ko ta yi yamutsi. Ko ledar ma ba hujja ba ce cikakkiya, domin ana iya sake ta.

In kwalin a buɗe yake, nemi lambar. Takan kasance a bayan ɗan littafin bayani, ko a wata takarda daban, ko a manne a jikin murfin ciki. Lambar Steam galibi haruffa da alƙaluma 15 ne, kashi uku biyar-biyar da gajeren layi a tsakani. Ka riƙe wannan da kyau: mai saye ba shi da wata hanyar gwada lambar Steam ba tare da ya kunna ta ba. Gwadawa ita ce kunnawa. Duk shafin da ya ce ka manna lambarka ya duba maka ko tana da rai, lambar yake nema ya ɗauke.

Sai batun yanki. Kwalin da aka yi don Rasha da maƙwabtanta, ko don wasu ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka, an sayar da shi da araha ne bisa sharaɗin ba zai kunnu a waje ba. Na Jamus kuma wani lokaci an rage masa zubar da jini, ko ya zo da Jamusanci kaɗai. A watan Janairu na 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Valve da wasu kamfanonin wasanni biyar tarar Yuro miliyan 7.8 saboda toshe lambobi tsakanin ƙasashen ƙungiyar, amma wannan hukunci na cikin Turai ne, bai hana toshewa tsakanin nahiyoyi ba. Kada ka yi dabarar VPN don ka tsallake, dokokin Steam sun hana, kuma asusunka ne zai iya shiga matsala.

Kunnawa

Girka manhajar kamfanin daga shafinsa na asali, ba wadda ke cikin faifan ba, domin ta faifan ta tsufa. Shiga asusunka, ka tabbatar shi ne wanda kake so wasan ya zauna a kai har abada. Mutane kan kunna wasa a asusun ɗan'uwa ko na shagon da suka je, daga baya a kasa ciro shi. A Steam, danna "Add a Game" a ƙasa ta hagu, ka zaɓi "Activate a Product on Steam", ka rubuta lambar. Da wasan ya bayyana a ɗakin ajiyarka, dakatar da saukewa, saka faifan ka girka daga cikinsa. Duk da haka ka tanadi data, saboda gyare-gyaren da aka yi wa wasan tun fitowarsa sai an sauke su, kuma wani lokaci sun fi abin da ke faifan girma.

In an ce lambar ba daidai ba ce, fara zargin idonka. Sifili da harafin O, 1 da I, 8 da B, 5 da S, su ne suka fi ruɗa mutane. In ka tabbatar da haruffan, duba ko ka shiga ƙofar da ba ita ba: lambar kwalin GTA V ta Rockstar ce, Steam ba zai karɓe ta ba duk da cewa yana sayar da wasan. Kada ka yi ta gwaji babu ƙaƙƙautawa, domin Steam yana rufe maka kunnawa na ɗan lokaci in kuskure ya yi yawa. In kuwa saƙon ya ce wani asusu ya riga ya kunna ta, magana ta koma wajen wanda ya sayar maka. Tsarin mayar da kuɗi na Steam, wato cikin kwana 14 da wasan da bai kai awa 2 ba, na abin da aka saya a cikin Steam ne kawai.

Sayarwa

Kwalin da ba a taɓa ba shi ne mai sauƙi. Bar shi a ledarsa, ka faɗi manhajar da yake bi da yankin da aka yi shi dominsa. Kafin ka sa farashi duba kuɗin wasan a Steam, domin wasan da ya shekara goma yakan faɗi ƙwarai a lokacin rangwame, kuma ba wanda zai biya ka fiye da haka sai mai tara kwalaye. Ka kuma bincika ko wasan yana raye. Ubisoft ta rufe sabar The Crew a ƙarshen watan Maris na 2024, kuma tunda ba ya tashi sai da intanet, sabon kwalinsa ma ba ya da amfani yanzu.

In ka buɗe kwalin amma ba ka kunna ba, rufe lambar da takarda kafin ka ɗauki hoton talla. Akwai masu bin hotunan talla suna kwashe lambobi. Ciniki mafi tsafta shi ne ku zauna tare, mai saye ya ba da kuɗin ko ya ajiye a hannun wanda kuka yarda da shi, ya shigar da lambar a asusunsa a gabanka. In daga nesa ne, kuɗi ya fara shiga, sannan ka tura lambar, ka ajiye hoton takardar da rasit.

Wanda ka riga ka kunna kuwa, faɗi gaskiya ka sayar da shi a matsayin kwali da faifai kawai. Yana da masu so: masu tara kaya, da wanda ya mallaki lasisin amma yake son rage data. Sai dai ka cire takardar lambar ka riƙe. Ma'aikatan Steam suna karɓar hoton lambar kwali a matsayin shaidar mallakar asusu, don haka miƙa ta ga baƙo yana iya ba shi hanyar neman asusunka gaba ɗaya. In ka manta ko ka kunna wani wasa, shiga bayanan asusunka a Steam, akwai shafin lasisi da ke jera duk abin da ka kunna da ranarsa.

Wasu kan ce to a sayar da asusun ɗungurungum. Yarjejeniyar Steam ta hana, sauran kamfanonin ma haka, kuma mai saye ne ke cikin haɗari, domin mai asusun na farko yana iya komawa da tsohuwar shaidarsa ya ƙwace abinsa bayan ya ci kuɗin. In burin shi ne 'yan gida su buga, tsarin Steam Families na 2024 yana ba mutum 6 na gida ɗaya damar raba wasanninsu ba tare da an sayar da komai ba.

An kai maganar sake sayar da wasa kotu ba sau ɗaya ba. A 2010 babbar kotun Jamus ta goyi bayan Valve a shari'ar da ƙungiyar masu saye ta shigar kan Half-Life 2. A 2012 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar UsedSoft da Oracle, ta ce ana iya sake sayar da lasisin manhaja, har mutane suka sa rai. A 2019 wata kotu a Paris ta ba ƙungiyar masu saye ta UFC-Que Choisir gaskiya a kan Valve, amma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2022, kotun ƙolin Faransa ta tabbatar da rushewar a 2024, bisa cewa wasan bidiyo ba manhaja ce zalla ba.

Kasuwannin lamba irin G2A, Kinguin da Eneba suna da araha, amma ba ka san asalin lambar ba. Wadda aka saya da katin banki na sata, kamfani yana iya soke ta ko bayan watanni, wasan ya ɓace daga asusunka. A 2020 G2A ta amsa cewa an sayar da lambobin wasan Factorio 198 na sata a dandalinta, ta biya masu wasan Dala 39,600. In za ka sayi lamba don ka sake sayarwa, nemi rasit daga kantin da kamfanin ya amince da shi, ka ba mai saye kwafinsa tare da lambar.