Yadda Ake Hawan Babur a Tsananin Sanyi

Wanda ya saba hawan babur a lokacin zafi yakan ɗauka cewa idan sanyi ya shigo, riga mai kauri kawai zai ƙara. Na daɗe da wannan tunanin, har wata asuba da na yi tafiyar kusan awa guda cikin ɗari, na iso mahaɗar hanya, na kai hannu zan matse birkin gaba, sai na ji yatsuna kamar na wani ne aka ɗaura mini. Sun motsa, amma a makare, kuma ban iya tantance ƙarfin da na matsa da shi ba. Allah ya kiyaye, babu motar da take tahowa. Tun daga ranar nake lissafa ɗumin jikin mahayi cikin kayan birkin babur, domin sanyi yana fara cin mutum kafin ya taɓa inji ko taya, kuma ba ya sallama idan zai shigo.

Lambar da ma'aunin zafi yake nunawa a ƙofar gida ta sha bamban da abin da fata take ji a kan babur. Jiki yakan ɗumama 'yar siririyar iskar da ke manne da shi, gudu kuwa share wannan iskar yake yi ba ƙaƙƙautawa, sai jiki ya yi ta ƙarar da ƙarfinsa wajen ɗumama wata. Bisa lissafin da hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suke aiki da shi tun 2001, idan gari yana digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, mai gudun kilomita 80 a awa yana jin kamar digiri 3 ƙasa da sifili a duk inda fatarsa take buɗe, idan kuma gari yana kan sifili ya kai gudun kilomita 100, abin ya doshi digiri 11 ƙasa da sifili. Jiƙewa ta fi wannan muni, saboda ruwa yana janye zafi fiye da iska kusan ninki 25, ko ruwan sama ne ko gumin da mutum ya jawo wa kansa.

Shi ya sa tufafi hawa uku suka fi jibgegiyar riga guda amfani, kuma kowane hawa da aikinsa. Wanda zai taɓa fata ya zama na ulu ko na zaren roba mai fitar da gumi waje. Ka guji auduga a nan, domin tana shan gumi ta riƙe shi, kuma da zarar ta jiƙe ta koma jiƙaƙƙen tsumma a ƙirjinka har ƙarshen tafiya. A bisansa ka sa suwaita mai tara iska a cikin saƙarta, tunda iskar da aka tsare ita ce take riƙe ɗumi. Hawa na waje shi ne mai tare iska da ruwa, kuma ya kamata ya zama rigar babur ta gaske mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da baya. Kada ka jibga kaya har su matse ka, domin matsi yana hana jini gudu. Akwai gwaji mai sauƙi da nake yi kafin in tashi: in hau, in kama kan babur, in juya shi dama da hagu har ƙarshe, sannan in waiwaya ta kowace kafaɗa. Idan hannun riga ya ja baya ya bar wuyan hannu a fili, ko bayan riga ya ɗage daga ƙugu, to ta nan iska za ta shiga, kuma ƙofa ɗaya ta isa ta lalata duk shirin. Wuya ma haka yake, sai dai a rufe shi da abin da ake zurawa ta kai, ba mayafi mai jela da zai iya kwancewa ya shiga sarƙa ko taya ba.

Hannu ya fi kowace gaɓa cancantar a kashe masa kuɗi, domin birkin gaba da kuloci da totur duk a hannu suke, kuma shi ne yake gaba yana karɓar iska. Safar hannu ta zama mai tare iska da ruwa, mai dogon wuya, wadda ta bar ɗan sarari a kan yatsu, amma kada kaurinta ya kai inda ba za ka ji birki ba. Maƙamai masu ɗumamawa da lantarki suna taimakawa ƙwarai, sai dai tafin hannu suke ɗumamawa, bayan yatsu yana nan a bakin iska, don haka sun fi aiki idan an haɗa su da garkuwar roba ta gaban hannu. Wanda ya sa jakar hannu irin wadda ake ɗaurawa a maƙaman babur a zura hannu a ciki ya tabbatar iskar gudu ba ta danna ta a kan birki ko kuloci. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: idan ƙirji da ciki suka fara hucewa, jiki yakan tsuke jijiyoyin jini na hannu da ƙafa domin ya tsare ɗumi ga zuciya da sauran kayan ciki. Sau da yawa maganin sanyin yatsu yana cikin ƙara riga a ƙirji. Ƙafa kuma tana buƙatar safar ulu da takalmi mai rufe idon sawu wanda ruwa ba ya shiga.

Hular kwano mai rufe fuska duka ita ce ta lokacin sanyi, amma tana zuwa da matsalar tururin numfashi da yake lulluɓe gilashi daga ciki, musamman idan an tsaya a danja. Gilashi na biyu da ake mannawa daga ciki, irin na Pinlock, shi ne mafi ingancin magani. Idan babu, ka buɗe kafar iska ta haɓa, ka ɗaga gilashin kaɗan sa'ad da gudu ya ragu.

Zafin cikin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37, kuma idan ya sauka ƙasa da 35 likitoci suna ɗaukarsa a matsayin haɗari. Tun kafin a kai nan tunani ya fara nauyi, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, domin ƙwaƙwalwar da za ta ce maka ka tsaya ita ce sanyin yake dusashewa. Mai gudun kilomita 80 a awa yana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa, saboda haka jinkirin daƙiƙa ɗaya wajen kai hannu ga birki ba ƙaramin abu ba ne. Ka yanke shawarar inda za ka tsaya tun kana gida, misali bayan kowane minti 40 ko awa guda, kada ka bari sai ka ji buƙata. Idan ka fara rawar ɗari, ko ka manta sigina a kunne, ko ka ga kana shiga kwana ba yadda ka saba ba, tsayawa ta zama dole. Ka shiga wuri mai ɗumi, ka taka ƙafa, ka sha wani abu mai zafi, ka ci abinci. Barasa tana buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi, ga shi tana rage hankali. Yatsun da suka sanƙare har suka yi fari kada a murza su, kada kuma a ɗora su a kan inji ko salansa, domin fatar da ba ta ji za ta ƙone mai ita bai sani ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa su a ciki, kuma idan ji bai dawo ba a nufi asibiti. Wanda aka goya a baya shi ma yana saurin hucewa tunda ba ya motsa komai, sai a riƙa tambayarsa.

Ta fuskar inji, batir ne yake fara nuna gajiya, domin sanyi yana rage ƙarfinsa a daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri kuma inji yake neman ƙarin ƙarfi kafin ya juya. Batir na gama-gari mai cikakken caji yana nuna wajen volt 12.6 idan babur yana kashe. Lambar farko a jikin galan ɗin mai, kamar 10W a cikin 10W-40, ita ce take nuna yadda yake gudana a sanyi, kuma littafin babur ya faɗi wanda ya dace. Babur mai lagireto yana buƙatar ruwan hana daskarewa, wanda haɗinsa rabi da rabi da ruwa yake jurewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Mai kafireta ya ja cok, ya mayar da shi da zarar inji ya daidaita. Minti ɗaya ko biyu sun isa, sauran ɗumamawar a yi ta a kan hanya cikin natsuwa, kuma kada a bar inji yana aiki a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari mai kisa.

Taya takan rasa kusan psi 1 na iska (psi shi ne awon matsin iskar taya) duk lokacin da gari ya sauka da digiri 5 ko 6, saboda haka a auna ta da geji kafin a fara tafiya. Roba mai sanyi tana da tauri, ba ta kama kwalta kamar mai ɗumi, kuma duk abin da ya haɗa babur da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu a kowace taya ba. Kilomitocin farko su ne mafi yaudara.

A kan hanya, ƙa'idar ita ce komai a yi shi a hankali kuma da wuri: jan totur, sakin kuloci, matsa birki, kwantar da babur. Ka gama rage gudu tun babur yana miƙe sak bai karkata ba, kafin ka shiga kwana, ka shiga da ƙarancin kwanciya, ka fita ba tare da fizgar totur ba. Tazarar daƙiƙa 2 da ake bari tsakaninka da abin hawan da ke gabanka a busasshiyar hanya ta koma 4 a jiƙaƙƙiya, kuma littafin dokokin hanya na Birtaniya ya yi gargaɗin cewa a kan ƙanƙara nisan tsayawa yana iya ninkawa sau 10. Ƙanƙarar da ta fi kayar da mutane ita ce siririyar da take kwanciya a kan kwalta kamar gilashi, wadda ido yake ɗauka danshi ne kawai. Gada tana riga sauran hanya daskarewa saboda iska tana ratsa ta sama da ƙasa, haka ma inuwar bishiyoyi da gangaren da rana ba ta kai wa, kuma kwalta tana iya daskarewa ko da ma'auni yana nuna digiri 3 ko 4. Fentin layin hanya da murfin ƙarfe da ganyen da ya jiƙe duk santsi gare su. Idan ka tsinci kanka a kan santsi, kada ka damƙe birki, kada ka saki totur gaba ɗaya lokaci guda; ka miƙe babur, ka sassauta riƙo, ka kalli inda kake son zuwa har taya ta sake kamawa. Birkin ABS yana hana taya kullewa, amma ba ya ƙirƙiro kamun da hanya ba ta da shi.

Kwanakin sanyi gajeru ne, rana tana ƙasa-ƙasa tana dukan idon direbobi, gilasan motocinsu kuma sun yi hazo, don haka ka bar fitila a kunne, ka sa riga mai ƙyalli, ka ɗauka ba a gan ka ba a kowace mahaɗa. A ƙasashen da ake watsa gishiri a hanya domin narkar da ƙanƙara, a wanke babur da ruwan sanyi bayan tafiya, a busar da sarƙa a sa mata mai, in ba haka ba tsatsa za ta cinye ta kafin damina. Ranar da dusar ƙanƙara ta kwanta a kwalta, ko aka yi ruwa da dare sannan gari ya waye ƙasa da sifili, ni ba na fitar da babur, sai dai in jira rana ta ɗaga hanya ta narke, ko in nemi mota.