Yadda ake warware saɓanin bayanai kan asalin tsofaffin gidajen Amurka

Kuskuren da na fi gani a wurin masu fara binciken salsala shi ne bin yawa. Mutum zai buɗe Ancestry ko FamilySearch, shafukan intanet na binciken salsala, ya ga mutum ashirin sun rubuta shekara ɗaya, sai ya ce magana ta ƙare, alhali galibi dukkansu mutum ɗaya suka kwafa. Bari mu gwada da gidan Josiah Franklin, mahaifin Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka. Josiah ya baro Ingila ya sauka birnin Boston a 1683.

Da farko ka jera bayanan da suka yi karo, kowanne da wanda ya rubuta shi da lokacin da aka rubuta. Rajistar gari, littafin baftisma na coci, wasiyya da takardun rabon gado su ne a gaba. Abin da jika ya tattara bayan shekara ɗari ya koma baya. Ni dai duk bayanin da ban ga hoton asalin takardarsa ba, da fensir nake rubuta shi. FamilySearch kyauta ne, saboda haka kada ka yi saurin biyan dala a wani wuri.

Sai kalanda, kuma a nan na taɓa shan kashi. Wani wuri za ka ga an haifi Benjamin ranar 6 ga Janairu 1705, wani wurin kuma 17 ga Janairu 1706. Duka biyun daidai ne. Kafin 1752, Ingila da ƙasashen da take mulka suna kan tsohuwar kalanda, wadda sabuwar shekararta ke kamawa ranar 25 ga Maris. Ke nan Janairu da Fabrairu wutsiyar tsohuwar shekara ne. Shi ya sa magatakarda ke rubuta 1705/6. Da aka sauya a 1752, an tsallake kwana 11: aka kwanta 2 ga Satumba, aka wayi gari 14 ga wata. Idan haihuwar kafin 1700 ce, tazarar kwana 10 ce, ba 11 ba. Na taɓa ɓata mako biyu ina neman kabarin wata yarinya da na ɗauka ta rasu aka maye sunanta, ashe yarinya ɗaya ce da shekarun haihuwa biyu. Ka kula da takardun 'yan ɗariƙar Quaker ta Kirista ma, don su da lamba suke rubuta wata, kuma kafin 1752 "wata na ɗaya" Maris ne. Ka kwafi kwanan wata yadda ka same shi, gyaranka ya zauna a gefe.

Bayan haka ka raba masu suna ɗaya. Josiah ya haifi 'ya'ya 17, bakwai da Anne Child, goma da Abiah Folger. A ɗakin Anne akwai Joseph har biyu, ɗaya a 1688, ɗaya a 1689, kuma duka sun rasu suna jarirai. Mai gaggawa zai goge ɗaya ya ce maimaici ne. Benjamin kansa sunan baffansa ya ci, baffan kuma ya zo Boston daga baya, to sai ka duba shekaru da sana'a kafin ka ɗora wa wani takardar wani. "Junior" a lokacin ba lallai ɗan "Senior" ba ne. Ƙarami ne kawai cikin masu suna ɗaya a gari. "Son-in-law" ma, wato suruki a yau, a lokacin yakan nufi agola.

Sauran kuwa ba wuya. Duba ko iyaka ta motsa, don jihar Maine ta yanzu tana cikin jihar Massachusetts har 1820. Kada ka jira ƙidayar 1790 ta ba ka sunayen yara, maigida kawai take ambata. Sai a 1850 aka fara rubuta sunan kowane mutum a gida, ban da bayi. Daga nan ka rubuta layi uku a ƙarƙashin kowane suna: wanne bayani ka ɗauka, wanne ka ajiye, da dalili.