Darasi na 9: Yadda Mota Ke Raba Ƙarfi Ga Tayoyinta a Kwana

Duk wanda ya taɓa zama a bakin Matan Fada a Argungu ya kalli masunta, ya riga ya san rabin wannan darasi. Kwalekwale ba shi da sitiyari. In matuƙi yana son ya karkata hagu, sai ya ƙara wa filafilinsa ƙarfi ta dama. Ko kuma ya tsoma filafilin ta hagu ya riƙe shi cak, ruwa ya ja wannan gefen, jirgin ya juyo da kansa. Hanya biyu ke nan: ko a ƙara wa gefe ɗaya, ko a rage wa ɗayan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙarfin murɗa

Inji ba ya tura mota kamar yadda mutum ke tura baro. Aikinsa shi ne murɗa tayoyi, su kuma su kama ƙasa su tura. Ƙarfin murɗa shi ne wanda bakanike ke sawa in yana kwance noti da sufana. In notin ya cije, sai ya zura bututu a hannun sufanar don ta ƙara tsawo, notin ya saki. Irin wannan ƙarfin ne ke fitowa daga inji, ya bi ta giya, ya isa ga tayoyi. Tambayarmu ita ce: wace taya ce za ta samu nawa?

A miƙaƙƙiyar hanya babu gardama, kowace ta ɗauki rabi. A kwana ne magana take canzawa. Manoma sun san abin da ke faruwa in garmar shanu ta kai ƙarshen kunya: bijimin da ke ciki yana taka ƙasa a hankali kusan wuri ɗaya, na waje kuwa sai ya zagayo da sauri. Haka tayoyin mota suke. Tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama a ƙaramar mota ta kai kimanin mita 1.5. In mota ta zagaye shataletale gaba ɗaya, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da kusan mita 9.4. Ga lissafin, ku kwafa a littafinku: 1.5 × 2 × 3.14 = 9.42. Abin da na fi so a wannan lissafi shi ne, ko shataletalen ƙarami ne ko babba, amsar ba ta canzawa.

Saboda haka aka sa wani kwanson haƙoran ƙarfe tsakanin tayoyin biyu, wanda bakanikai ke kira dif. Shi ke barin kowace taya ta juya da gudun da ya dace da ita. Amma dif irin na da yana da aibi guda: ƙarfin da yake ba tayoyin biyu daidai yake a kullum, kuma ba ya wuce abin da mai rauni a cikinsu za ta iya ɗauka.

Na ga wannan da idona wata damina, mun ɗauko buhunan shinkafa daga fadama a wata tsohuwar a-kori-kura. Tayar baya ta hagu ta faɗa taɓo, ta dama tana kan busasshiyar ƙasa. Direba ya taka totur, ta hagu ta yi ta wulwulawa tana watsa mana laka har fuska, ta dama kuwa ko motsi ba ta yi ba. Tayar da ke da wurin kamawa ita ce ta zauna banza. Sai da muka sauke buhu goma sha biyu, muka cusa kara da duwatsu, kafin muka fita, magariba ta riga ta yi.

Sabuwar dabara

In mota ta sha kwana, nauyinta yana komawa kan tayoyin waje. Kun san yadda fasinjoji ke danne na bakin ƙofa a kwana mai tsanani. Tayar da aka danne ta fi kama kwalta, ta ciki kuma ta yi sakayau, tana iya zamewa. To me zai hana a ba ta waje kaso mafi tsoka? In aka yi haka, tana tura gefenta gaba, hancin motar ya shiga kwanar, kamar dai kwalekwalen nan. Wannan shi ne abin da Turawa ke kira tok bektorin, wato karkasa ƙarfin murɗa gwargwadon bukatar kowace taya.

Kwamfutar motar ce ke yanke hukunci. Akwai na'ura a kowace taya da ke gaya mata gudunta, wata a sitiyari da ke gaya mata inda direba ya nufa, wata kuma tana auna yadda jikin motar ke juyawa. Tana gwada nufin direba da abin da motar ke yi a zahiri, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya.

In ta ga bambanci, hanya ta farko ita ce ta ƙara wa gefe ɗaya ƙarfi: wasu motocin suna da kuloci biyu a cikin dif ɗin baya, ɗaya na hagu ɗaya na dama. Kwamfuta ta matse na waje, ƙarfi ya kwarara can. Kamfanin Mitsubishi na Japan ya sa irin wannan a motarsa Lancer Evolution ta huɗu a 1996. Honda ya fito da nasa mai suna SH-AWD a 2004, kuma shi ne a cikin motarsa Acura MDX tun daga samfurin 2007, jif ɗin da ake shigo da ita ƙasar nan da yawa. A cikinta ana iya tura har kashi 70 cikin 100 na ƙarfin inji zuwa baya, sannan a ba taya ɗaya duk wannan kason.

Hanya ta biyu ta fi arha, ita ce ta tsoma filafili. Kwamfuta tana ɗan taɓa birkin tayar ciki kaɗai, ba tare da direba ya taka komai ba, sai ƙarfin ya karkata ga ta waje. Ford Focus ta 2012 tana da wannan. Illarta ita ce birki na ɗaukar zafi kuma yana saurin cinyewa in ana yawan tuƙin ganganci. Wasu motocin lantarki kuwa kowace taya da injinta, ba sa bukatar dif ko kaɗan.

Amfanin a hannun direba yake bayyana. Motar da ta saba ƙin kwana, ana murɗa sitiyari tana miƙewa waje, sai ta riƙa bin layinta. Wadda bayanta ke son zillewa, kwamfuta ta rage wa tayar waje ta daidaita ta.

Inda dabarar ta tsaya

A nan nake so mu buɗe kunne, musamman masu bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega ko hawa da gangaren ƙasar Zuru. Kwamfuta tana raba abin da ke akwai ne kawai. Duk riƙon da mota ke yi wa hanya yana kan wurare huɗu, kowanne bai fi tafin hannu da yawa ba. In ka ninka gudu, daga kilomita 40 zuwa 80, abin da kwana ke nema daga tayoyin ya ninku sau huɗu, ba sau biyu ba. In taya ta suɗe, ko iska ta kwaso yashi ta zuba a kan kwalta, ko ruwan farko ya taso da maiƙon da ya kwanta duk rani, babu abin da za a raba. Yana ci mini rai in ga mutum ya sayi mota mai tsada, sannan ya sa mata tayoyi gwanjo kala huɗu. Tayoyi masu girma daban suna juyawa da gudu daban, kwamfuta ta ɗauka zamewa ake yi, kulocin dif ya yi ta aiki har ya ƙone.

Akwai wata alama a allon gaban direba: hoton mota da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta. In tana ƙyaftawa, na'urar hana zamewa na aiki ne, tana gaya maka hanyar na da santsi, ka sassauta. In ta kunnu ta zauna, akwai matsala, sau da yawa wayar na'urar taya ce ta tsinke ko laka ta toshe ta. Kada ka yarda a cire ƙwan fitilar a ce an gyara. Man dif ɗin irin waɗannan motoci ma na musamman ne, a duba littafin motar kafin a zuba.

Aikin aji

Ku fita fili, ku kafa turke. Mutum biyu su riƙe sanda mai tsawon mita 1.5, kowa da ƙarshensa, su zagaye turken sau ɗaya suna kafaɗa da kafaɗa, kowa na ƙirga takunsa. Ku rubuta bambancin. Ku matsa nesa da turken ku sake, ku ga ko ya canza.

Kafin zama na gaba, kowa ya duba gefen tayar wata mota ko babur, ya nemo lambobi huɗu da ke cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ku kwafo abin da kuka gani, za mu lissafa shekarun kowace taya a allo.