Yadda zaka yi mastas a ilimin ƙidayar jama'a in kai ɗan karkara ne

Ƙanena da ke can wajen Ringim ya gama digiri a soshiyoloji ya dame ni da tambaya, wai Yaya wannan demografi ɗin, wato ilimin ƙidayar jama'a, ina ake karanta shi kuma me mutum zai ci da shi. To ga abinda na faɗa masa, ƙila ya yi ma wani amfani.

Da farko dai ba ƙirga kawuna bane kawai. Abu uku karatun yake bi, haihuwa da mutuwa da ƙaura, wato har yaran garinmu da ke tafiya ci-rani Legas da Fatakwal bayan an gama girbi duk suna cikin lissafin.

Takardu kuwa, yawancin jami'o'i 2.2 suke nema zuwa sama, da takardar bautar ƙasa da wasiƙun malaman da suka san ka, in sakamakonka bai kai ba ko HND gareka sai ka fara da PGD, wato difloma ta bayan digiri. Wanda ya karanta jogarafi ko tattalin arziki ko lissafi duk ƙofa a buɗe take. Amma dan Allah ka fara neman tiranskirif ɗinka da wuri, ni nawa sai da na yi zarya har na gaji, kullum a ce min ka dawo sati mai zuwa, kuɗin mota kaɗai ya cinye min buhun gero.

Ina ake yi? Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife tana da sashe guda na demografi kuma ta daɗe a harkar. Nan kusa akwai cibiyar ACEPHAP a BUK mai aiki kan lafiyar al'umma da tsare-tsare. A Gana akwai RIPS, cibiyar nazarin yawan jama'a da ke Jami'ar Gana a Legon, in kuma kana hangen Ingila akwai makarantar LSHTM a Landan, sai dai ka nemi tallafin Commonwealth don aljihun manomi bazai ɗauka ba.

Lissafi fa ba gudu. Ka fara koyon manhajojin lissafin alƙaluma irin su SPSS ko Stata tun kafin a kira ka, akwai kuma R wadda kyauta ce. Bayanan binciken NDHS na 2018 kan yawan jama'a da lafiyarsu wanda hukumar ƙidaya ta ƙasa ta yi, rajista kawai ake a saukar, ranar da ka shiga Dutse ko Kano inda sabis yake da ƙarfi ka sauke abinka ka dawo gida kana wasa da shi.

Yanzu ga inda ɗan ƙauye ya fi ɗan birni, kuma nan ne nake so ka riƙe. Ka tambayi Inna shekarunta zata ce arba'in, baɗi ma arba'in ne, shi yasa in ka zana jadawalin shekaru zaka ga mutane sun taru cunkus a 30 da 40 da 50, har ma'auni gareshi ana kiransa Whipple. Kai ka san maganin, sai ka ce Inna lokacin da aka canja fam zuwa naira kin yi aure? To 1973 kenan, ka samu madogara. Haka in ka tambayi dattijuwa 'ya'yanta nawa, wata zata tsallake ɗan fari saboda kunya, waɗanda suka rasu kuwa ba kowa take faɗa wa ba, baƙo ya rubuta shida ya wuce alhali tara ta haifa. Wlh malamai suna son ɗalibin da ya san irin wannan.

Ƙidayar ƙarshe a ƙasar nan 2006 aka yi, Kano ta fito da sama da miliyan 9, Jigawa sama da miliyan 4, ta 2023 aka ɗage, duk alƙaluman da kake ji yau hasashe ne. Don haka in zaka rubuta furofozal kar ka ɗauko Najeriya gaba ɗaya, ɗauki mazaɓa ɗaya a ƙaramar hukumarku, ka gaida mai unguwa da dagaci kafin ka shiga gidan kowa, kuma ka samu mace ta riƙa yi maka tambayoyin cikin gida.